Lasisin Sana'ar Tausa a Jihohin Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu son shiga sana'ar tausa a Amurka, musamman waɗanda suka je ƙasar da girmansu. Majalisun jihohi kan sauya adadin awoyi da kuɗaɗen da aka ambata a nan, don haka kafin ka biya ko sisi, leƙa shafin hukumar jihar da za ka yi aiki a cikinta.

Wai dole ne sai da lasisi kafin mutum ya yi tausa a biya shi?

A mafi yawan jihohi, dole ne. Fiye da jihohi 40 da birnin Washintan suna da dokar da ta hana karɓar kuɗin tausa, ko kiran kai mai tausa a talla, ba tare da lasisi ba. Matsa wa mahaifiyarka ƙafa a gida ba ya cikin wannan. Da zarar kuɗi sun shiga, ko ka buga kati, ko ka sa sanarwa a Facebook, doka ta hau kanka. Hukuncin ya bambanta: wasu jihohin tara ce, amma a Niyok yin sana'ar da ke buƙatar lasisi ba tare da shi ba babban laifi ne da kan kai mutum gidan yari. Ga wanda takardun zamansa ba su gama zama daram ba, irin wannan shari'a tana iya taɓa zaman nasa ma.

Wa ke ba da lasisin, gwamnatin tarayya ko jiha?

Jiha. Babu wani lasisin tausa na ƙasa baki ɗaya. Kowace jiha da hukumarta, kuma ba a ma'aikata iri ɗaya suke zaune ba. A Ohayo, wadda ita ce ta fara sa wa sana'ar doka fiye da shekara 100 da suka wuce, hukumar likitoci ce ke kula da masu tausa. A Bajiniya hukumar ma'aikatan jinya ce. A Niyok ma'aikatar ilimi ce, ta hannun ofishinta na sana'o'i. A Filorida akwai hukumar tausa a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, a Teksas kuma ma'aikatar lasisi da ƙa'idoji, wadda ake kira TDLR.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne: ka fara yanke shawarar jihar da za ka zauna, sannan ka nemi makaranta. Masu juya wannan tsari su ne suka fi yin asarar kuɗi da lokaci.

Na ji an ce akwai jihohin da ba ruwansu da lasisi. Gaskiya ne?

Kansas da Minesota da Wayomin sun daɗe ba su da lasisin jiha, amma hakan bai sa hanya ta zama a buɗe ba. A can birane da ƙananan hukumomi ne ke kafa nasu sharuɗɗan, har ta kai birni biyu da ke maƙwabtaka kowanne da adadin awoyin da yake nema da kuɗin da yake karɓa. Mai zuwa gidajen mutane yin tausa a garuruwa uku zai iya buƙatar takardu uku.

Kalifoniya kuma nata salon daban ne. Wata majalisa mai suna CAMTC ce ke ba da takardar shaida bayan karatun awa 500 a makarantar da ta amince da ita. A rubuce ba tilas ba ce, sai dai birane da yawa ba sa barin kowa ya yi aiki sai da ita, kuma mai riƙe da ita yana iya aiki a faɗin jihar. Ana sabunta ta duk shekara 2.

A dunƙule, me ake nema wurin mai son lasisi?

Kusan ko'ina za ka tarar da abubuwa guda biyar: shekara 18 da haihuwa, takardar kammala sakandare ko makamanciyarta, kammala awoyin karatu a makarantar da hukuma ta yarda da ita, cin jarrabawa, da binciken tarihin laifi ta hanyar zanen yatsu. Jihohi da dama na ƙara takardar horon farfaɗo da wanda numfashinsa ko bugun zuciyarsa ya tsaya, wato CPR, wasu kuma na neman shaidar inshorar kariya daga ƙara tun kafin su ba da lasisin.

Awa nawa zan yi a makaranta, kuma wata nawa ke nan?

Mafi ƙanƙanta da aka saba gani awa 500 ne, kamar a Teksas da Filorida da Jojiya. Ilinoi da Fensilbeniya 600 suke nema, Oregon da Mishigan da jihar Washintan 625, Masachuset 650. Niyok da Nebraska su ne a sama da awa 1,000. Lissafin watanni mai sauƙi ne: awa 500 a kan awa 25 kowane mako sati 20 ne, wato wata biyar ban da hutu. Awa 1,000 a kan awa 20 kowane mako sati 50 ne, kusan shekara guda. Mai aikin rana da ke zuwa ajin dare ko na ƙarshen mako ya sa ran ninkin haka.

Shawararmu ga wanda ke jihar awa 500 ita ce, in aljihu zai ɗauka, ya zaɓi shiri mai awa 625 ko fiye. Dalili biyu ne. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell galibi ba ya shafar shirin da bai kai awa 600 ba. Sannan ranar da ƙaura ta kama, waɗannan ƙarin awoyin su ne za su hana ka komawa aji, kamar yadda aka yi bayani a amsar ƙaura a ƙasa.

Me ake koyarwa a cikin awoyin nan? Ba hannu ne kawai ba?

Ba hannu kawai ba ne, kuma a nan ne sababbin ɗalibai kan sha mamaki. Ga yadda Teksas ta kasa nata awa 500: awa 200 na dabarun tausa, 125 daga ciki na salon Suwidin wanda shi ne tushe, awa 50 na ilimin ginin jiki, 25 na yadda gaɓoɓin ciki ke aiki, 50 na ilimin motsin tsoka da gaɓa, 40 na cututtuka, 20 na jinya da ruwan zafi da na sanyi, 45 na doka da kasuwanci da ladubban sana'a, 20 na tsafta da taimakon gaggawa, sai awa 50 na gwajin aiki a kan jama'a a ƙarƙashin idon malami.

Hukuma ba don komai take kirga awoyi darasi-darasi ba sai don hannun da bai da ilimi yana iya yin ɓarna. Mutumin da jini ya daskare masa a jijiyar ƙwauri kan zo da kukan ciwon ƙafa da kumburi. In aka murza wurin, gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu, kuma hakan na kashewa. Haka mai zazzaɓi, da mai cutar fata mai yaɗuwa, da tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni, da mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu: kowannensu akwai inda ake taɓawa, akwai inda ake kaucewa, akwai ranar da za ka ce yau ba tausa, a je asibiti. Sanin wannan shi ne rabin sana'ar. Za kuma ka haddace sunayen tsokoki da ƙasusuwa, da inda kowace tsoka ta faro da inda ta ƙare, akasarinsu da kalmomin Latin.

Ta yaya zan tabbatar makarantar da zan shiga sahihiya ce?

Kada ka tambayi makarantar, tambayi hukumar. Yawancin hukumomi na wallafa jerin makarantun da suka amince da su, ko su faɗi ma'aikatar jihar da ke ba makarantu izini. In ba ka ga sunan ba, rubuta wa hukumar wasiƙar imel, ka ajiye amsar da ta ba ka. Akwai bambanci tsakanin amincewar jiha da tantancewar ƙungiyoyi irin su COMTA, mai auna ingancin makarantun tausa. Amincewar jiha ita ce ke kai ka ga lasisi. Tantancewa ita ce ke buɗe ƙofar tallafin karatu na tarayya, kuma tana sauƙaƙa karɓar takardunka a wata jihar.

Kafin ka sa hannu a yarjejeniyar biyan kuɗi, nemi a nuna maka rabon awoyi a rubuce, ka gwada shi da na dokar jihar layi-layi. Tambayi kashi nawa na ɗalibansu ke cin jarrabawa a zaman farko. Tambayi awa nawa ake yi ta intanet, domin jihohi da yawa ba sa kirga aikin hannu sai wanda aka yi a gaban malami, wasu ma sun ƙayyade yawan darasin littafi da za a yi daga nesa. Kwalejojin al'umma galibi sun fi makarantu masu zaman kansu araha, ko da yake sukan ɗauki lokaci mai tsawo.

Duk wanda ya ce zai ba ka takardar awa 500 cikin mako uku, ko ka biya kawai ba sai ka zo aji ba, guje shi. A 2012 Filorida ta dakatar da lasisin mutum fiye da 80 saboda takardun karatu na bogi. In hukuma ta gano makaranta na sayar da takardu, takan bi ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka yi shekaru suna aiki, kuma ana iya soke sakamakon jarrabawarsu ma.

Mece ce MBLEx, kuma yaya take?

Ita ce jarrabawar da kusan duk jihohin da ke ba da lasisi suke karɓa. Gamayyar hukumomin tausa na jihohi, FSMTB, wadda aka kafa a 2005, ita ke shirya ta, ana kuma zama a cibiyoyin Pearson VUE a kan kwamfuta. Tambaya 100 ce ta zaɓi-ɗaya, a cikin minti 110. Kuɗin zama dala 265 ne. Da Turanci ko Sifaniyanci ake yin ta, babu Faransanci, babu Larabci, abin da ya kamata wanda ya yi karatunsa a Nijar ko Chadi ko Sudan ya shirya masa tun da wuri.

Matakan su ne: ka buɗe asusu a shafin FSMTB ka biya, makarantarka ta tura shaidar karatunka kai tsaye, sai a aiko maka izinin zama mai wa'adin kwana 90. A cikin waɗannan kwanakin za ka zaɓi rana ka zauna. In wa'adin ya wuce, kuɗin sun tafi. Ranar jarrabawa ana duba katin shaida, kuma sunan da ke kai dole ya yi daidai da wanda ka yi rajista da shi harafi-harafi. Wanda fasfo ɗinsa ya ce Muhammad, lasisin tuƙinsa ya ce Mohammed, ya gyara wannan kafin ranar, in ba haka ba a ƙofa za a mayar da shi.

Jarrabawar irin mai auna amsarka ce: in ka amsa daidai, ta gaba takan ƙara wuya. Saboda haka ba a tsallake tambaya, ba a kuma komawa baya a gyara. Dole ka amsa duka ɗarin, wanda lokaci ya ƙare masa bai gama ba ya faɗi. Minti guda da daƙiƙa kaɗan ke nan ga kowace tambaya. Fannoni bakwai ta ƙunsa, kuma mafi girmansu shi ne auna halin wanda za a yi wa tausa da tsara yadda za a yi masa, sai ladubba da doka. Masu haddace tsokoki su bar waɗannan biyun su ne suka fi dawowa zama na biyu.

In na faɗi fa?

Sai ka jira kwana 30, ka sake biyan cikakken kuɗi, ka sake neman izinin zama. Ba a ba da maki, ci ko faɗuwa kawai ake faɗa, amma wanda ya faɗi ana ba shi bayanin fannonin da ya yi rauni. Da wannan takarda za ka tsara bita. Wasu jihohin sun ƙayyade yawan zama kafin su ce a koma aji.

MBLEx kaɗai ce jarrabawar?

Ba ko'ina ba. Niyok ta daɗe da tata jarrabawar, wadda ake yi sau biyu a shekara, Janairu da Agusta, kuma tana ɗauke da tambayoyi kan salon tausar Gabashin Asiya irin su shiyatsu. Wanda ya rasa zama ɗaya zai jira kusan rabin shekara. Hawayi ma ta daɗe da tata, tana kuma da hanyar koyon sana'a a hannun ƙwararre. Jihohi irin su Teksas na ƙara ƙaramar jarrabawar dokokin jiha da ake yi ta intanet. Ita kuwa takardar ƙwarewa ta NCBTMB, wata hukuma mai zaman kanta ta masu tausa, ta ganin dama ce, ƙarin daraja ce a kan lasisi, ba ta maye gurbinsa.

Ina da wani tsohon laifi a tarihina. Na haƙura ke nan?

Ba lallai ba. Hukumomi kan duba irin laifin, da daɗewarsa, da alaƙarsa da sana'ar. Laifin da ya shafi lalata, ko karuwanci, ko safarar mutane, shi ne mai rufe ƙofa, a wasu jihohin har abada, domin an sha fakewa da sunan gidan tausa ana irin wannan ɓarna, kuma ita ce ta sa binciken ya tsananta. Tsohon laifin tuƙi ko ƙaramar rigima ba kasafai ke hana lasisi ba. Ɓoyewa ita ce ke hanawa. Zanen yatsunka zai bi ta rumbun 'yan sandan jiha da na FBI, abin zai fito, kuma ƙarya a takardar neman lasisi dalili ne mai zaman kansa na ƙin ba ka. Wasu jihohin, ciki har da Teksas, na ba da damar ka nemi hukuma ta duba tarihinka tun kafin ka shiga makaranta. Yi amfani da wannan dama.

Na koyi tausa a wata ƙasa, ko na gaje ta a gida. Za a kirga min?

Gadon gida, komai ƙwarewar hannu, ba ya shiga lissafi, domin hukuma takarda take kirgawa. In makaranta ka yi a waje, za a nemi cikakken bayanin darussa da awoyin kowanne, daga makarantar kai tsaye, da fassarar da aka tabbatar in ba da Turanci yake ba, sau da yawa kuma da rahoton kamfanin tantance takardun ƙetare. Takardar da ta ce ka kammala kawai, ba ta faɗi awoyi ba, ba ta da amfani a nan. Wanda ya karanci gashin ƙashi ko jinya a jami'a zai iya samun rangwamen darussan ginin jiki, amma awoyin aikin hannu galibi sai ya yi su.

Lasisi zai ba ni damar zama da aiki a Amurka?

A'a. Lasisi na jiha ne, izinin aiki na hukumar shige da fice ta tarayya ne, ɗaya ba ya haifar da ɗaya. Yawancin hukumomi na neman lambar tsaron zamantakewa, wato SSN, a takardar neman lasisi, wasu kuma na karɓar lambar biyan haraji a madadinta.

Zan iya haɗawa da ƙaho ko ɗori?

A nan sai an yi hattara sosai. Kowane lasisi da iyakarsa, kuma iyakar mai tausa ita ce tsoka da sauran sassa masu laushi. Ba ya faɗa wa mutum cutar da ke damunsa, ba ya rubuta magani, ba ya gyara ƙashi ko ya ƙwanƙwasa gadon baya. Ɗorin karaya da mayar da gocewar gaɓa, irin wanda maɗori ke yi a ƙasar Hausa, a Amurka aikin likita ne. Wanda ya yi shi da lasisin tausa zai rasa lasisin, ya kuma fuskanci tuhumar aikin likita ba izini.

Ƙaho iri biyu ne a idon doka. Busasshe, wanda ake kafa kofi a zuƙe iska ba tare da tsaga ba, jihohi da yawa sun bar wa mai tausa in ya yi horo a kai, kuma ya kamata ka tabbatar inshorarka ta ƙunshe shi. Ƙahon wanzamai kuwa, mai tsaga fata da fitar da jini, wanda ake kira hijama, ya fita daga iyakar tausa, domin lasisin bai ba ka ikon huda fatar kowa ba. Yardar wanda aka yi wa ba ta wanke ka, kuma in wurin ya ruɓe babu inshorar tausa da za ta tsaya maka.

Ni mace ce, mata kawai nake son yi wa. Zai yiwu?

Lasisin kansa bai tilasta miki taɓa kowa ba. Wahalar tana makaranta, inda ɗalibai ke gwaji a jikin juna, sannan a ɗakin da makaranta ke karɓar jama'a, a kan duk wanda ya shigo. Ki yi wannan magana da shugaban makarantar kafin ki biya, ki karɓi amsar a rubuce, har da batun wanda zai yi gwaji a jikinki da irin suturar da za ki sa. Ki sani kuma lulluɓe jiki da zanin gado, a buɗe wurin da ake aiki a kai kaɗai, ƙa'ida ce ta sana'ar, jihohi da yawa ma sun sa ta a doka.

A wurin aiki, dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta ba ma'aikaci damar neman sassauci saboda addini, matuƙar bai ɗora wa mai kamfani nauyi mai yawa ba. In wurin kanki za ki buɗe, jihohi da yawa na da dokar hana bambanta masu zuwa saboda jinsi, don haka ki ga lauya a kan yadda za ki rubuta tallarki. Namijin da ke son yi wa maza kaɗai, wannan amsar ta shafe shi.

In na ƙaura zuwa wata jiha, lasisina zai bi ni?

Ba ya bi da kansa. Za ka nemi sabo ta hanyar amincewa da na farko: tsohuwar hukumarka ta tura shaidar cewa lasisinka na da rai ba shi da tabo, FSMTB ta tura sakamakonka, makaranta ta tura bayanin awoyi. In daga jihar awa 500 ka nufi ta 1,000, ko dai a ce ka cika giɓin a aji, ko a kirga maka shekarun aiki a madadin wani ɓangare, gwargwadon dokar wurin. Wanda ya sami takardar Kalifoniya bayan an dakatar da sharaɗin jarrabawa a can a 2019, zai tarar jihar da ya koma tana neman MBLEx.

Akwai yarjejeniyar da ake ginawa mai suna IMpact, wadda za ta ba da lasisi ɗaya mai aiki a jihohin da suka shiga. Nebada ce ta fara amincewa da ita a 2023, Ohayo ta biyo baya, kuma sai jihohi 7 sun shiga take fara aiki. Awa 625 ta sa a matsayin ma'auni. Kada ka bar tsohon lasisinka ya mutu kafin sabon ya fito, kuma ka ajiye kwafin bayanin awoyinka da kundin darussan shekarar da ka gama, domin makarantun tausa kan rufe, neman takarda daga rufaffiyar makaranta kuwa kan ci watanni.

Yaya ake sabunta lasisi?

Galibi duk shekara 2, tare da kwasa-kwasan ƙaro ilimi. Teksas awa 12 take nema, Filorida da Fensilbeniya 24, Niyok kuma 36 a cikin shekara 3. Ba kowane kwas ake kirgawa ba, sai na mai koyarwar da hukuma ta yarda da shi, kuma akan ware wasu awoyi ga ladubba ko doka. Ajiye takardun shaidar kwas ɗin, don hukuma kan zaɓi mutane ta bincika. In ka sauya gida ka sanar da ita cikin wa'adi. Rashin samun wasiƙar tuni ba uzuri ba ne, kuma aiki da mataccen lasisi daidai yake da aiki ba lasisi.

Da lasisina zan iya buɗe wurin kaina?

Lasisinka na jikinka ne, ba na ɗakin ba. Filorida da Teksas na da lasisi daban na wurin tausa, tare da masu zuwa duba tsafta, da wurin wanke hannu, da yadda ake ajiye zannuwa masu tsabta dabam da waɗanda aka yi amfani da su. Birni kuma zai nemi izinin kasuwanci, ya duba ko unguwar an yarda a yi sana'a a cikinta, abin da kan tare masu son aiki daga gida. Jihohi da yawa na so lambar lasisinka ta fito a kowace talla, shi kansa lasisin kuma a rataye inda mai shigowa zai gani. Inshorar kariya daga ƙara akan same ta ta hanyar shiga ƙungiyoyin sana'ar, AMTA ko ABMP, kuma dukansu suna da rajistar ɗalibai mai rahusa da za ka iya yi tun kana makaranta.